Ziyarar gidan Elvis: katangar rubutu, kaburbura da daren kyandir

Malam Na-Memfis: Jama'a, tunda tambayar Graceland, gidan mawaƙin Amurka Elvis Presley, ta yi yawa, bari mu tara abin da muka sani wuri ɗaya. Gidan yana lamba 3764 kan Elvis Presley Boulevard, kudancin Memfis a jihar Tenesi. Elvis ya saye shi a 1957 kan dala 102,500, a cikinsa ya rasu ranar 16 ga Agusta 1977, aka buɗe wa jama'a a Yunin 1982. Kuskuren baƙo na farko shi ne nufar ƙofar gidan kai tsaye. Wurin ajiye mota da na yankar tikiti suna tsallaken titi. Can za a ba ka kwamfutar hannu da abin sawa a kunne, ƙaramar bas ta haye da ku. Tikitin da lokacinsa a jiki, don haka kada a yi lattin bikin ƙauye.

Maman Hanifa: Haka ne, Malam. A ƙara da cewa hawa benen haramun ne. Can saman ne ɗakin kwanansa da banɗakin da aka tsince shi, iyalin kuma ba su taɓa buɗe wa baƙi ba. Abin da za a gani shi ne falo, kicin, sai a gangara ƙarƙashin ƙasa: ɗaki mai talabijin uku a jere, da ɗakin sunuka da aka lulluɓe bangonsa da silin da yadi mai tattara. Matakalar matsattsiya ce, ga madubi kewaye, mai ciwon gwiwa ya bi a hankali. Hanya ɗaya ce, ba a komawa baya. Hoto ya halatta amma ban da filasha, ban da bidiyo. Gidan ma bai kai girman da sunansa ke sa mutum zato ba.

Yaya Garba: Ni dai katangar waje ce ta fi ɗaukar hankalina, kuma ita ba ta buƙatar ko sisi, tana bakin titi. Dutse ce mai kaushi, an cika ta da rubutu har wani kan wani: sunaye, kwanan wata, ƙasar da mutum ya fito, zanen zuciya, da harsuna iri-iri. Biro ba ya kamawa sam. Alli kuwa ruwan sama ɗaya ya tafi da shi. Maka ta rubutu mai kauri wadda ba ta gogewa ake so, kuma a zo da biyu, domin dutsen na cinye bakinta kafin a gama layi uku. A nemi dutse mai santsin fuska, a taƙaita magana. Kada a sa rai zai dawwama: rana na kodar da shi, ana wanke katangar lokaci-lokaci, wani kuma zai zo ya rubuta a kan naka. Daga ƙofa zuwa ciki ba a rubutu ko'ina.

Maman Hanifa: Yaya, ka manta motoci. Titin babba ne, kuma mai ɗaukar hoto yana ja da baya bai sani ba. A riƙe hannun yara.

Malam Na-Memfis: Sai kaburbura. Suna wani ɗan lambu da ake kira Meditation Garden, gefen wurin ninƙaya, inda zagayen ke ƙarewa. Da farko a maƙabartar Forest Hill aka binne Elvis, sai aka yi yunƙurin sace gawar, aka dawo da gawarsa da ta mahaifiyarsa Gladys gida a Oktoban 1977. Mahaifinsa Vernon da kakarsa Minnie Mae suna nan, haka 'yarsa Lisa Marie da ta rasu a 2023 da ɗanta. Galibin ranaku ana barin mutane su taka da ƙafa zuwa lambun kyauta daga 7:30 zuwa 8:30 na safe. Abin da ake ajiyewa: furanni, 'yar tsanar beyar, wasiƙu, tutocin ƙasashe, da furannin da aka ɗaure su yi siffar jita. Furen gaske ba ya daɗewa a zafin can, in ya yi yaushi a kwashe. Wasiƙar da ba a sa a leda ba, raɓar safiya kaɗai ta ishe ta.

Ƙanwar Kowa: Malam, daren kyandir fa?

Malam Na-Memfis: Daren 15 ga Agusta ne, jajibirin ranar rasuwarsa, ƙanwata. Ana rufe titin, dubban mutane su yi layi da kyandir, su hau har kabarin su sauko, wani lokaci har asuba. A 2017 aka fara neman abin ɗaurawa a hannu na kuɗi kafin a shiga, saboda haka a duba tsarin shekarar tukuna. Zafin Agusta a Memfis mai gumi ne, ba irin busasshen namu ba. Ruwa da takalmi mara tsini wajibi ne. Kyandir ba tare da kofin takarda a gindinsa ba zai ɗiga ya ƙona yatsa.

Yaya Garba: Mu da kunna kyandir a kabari ba al'adarmu ba ce, ana iya tsayawa gefe a yi kallo, ba mai tilasta wa kowa. Abinci ne wurin taka-tsantsan: gashin Memfis yawanci naman alade ne, kuma burodin nan mai ayaba da tunkuzar gyaɗa da aka san Elvis da shi, wasu da kitsen alade suke soya shi. A tambaya kafin a biya, a ce da bota ake so.