Muhawara: man kaɗe kaɗai ya isa kircin yara?

Maman Biyu, Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwa. Tun da hunturu ya shigo Hasan ba ya barci, susa yake a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu har jini ya fito. Shekararsa biyu. Likita ya ce kirci ne, ya rubuta mana maganin shafawa, hydrocortisone 1%. Surukata kuwa ta ce in jefar, wai dangin man bilicin ne, zai cinye fatar yaro, man kaɗe kaɗai ya isa. Ku ba ni shawara don Allah.

Mma Hajiya, Asawase: Wa alaikumus salam 'yata. Surukarki ta yi gaskiya. Da man kaɗe muka raini 'ya'yanmu da jikoki. Ki sayi ɗanye, wanda ake kawowa daga Tamale, ba mai turare ba. Na ga abin da mayukan nan suka yi wa matan unguwarmu, fata ta yi laushi har jijiya ta fito.

Anti Nas: Mma, Allah ya ƙara girma, abin da kika gani gaskiya ne, amma ba magani ɗaya ba ne. Mayukan da ke lalata fata irin su clobetasol ne da betamethasone, masu ƙarfi sosai, ana shafa su a jiki duka wata da watanni. Hydrocortisone 1% shi ne mafi sauƙi a danginsu, wanda ake kira steroid, ana shafawa ne a inda ciwon yake kawai, sau ɗaya ko biyu a rana, mako ɗaya zuwa biyu, sai a tsaya. Man kaɗe yana tsare danshin fata, kuma ina goyon bayansa ƙwarai. Amma idan fata ta riga ta kumbura tana ƙaiƙayi, ba ya kashe kumburin. Yaro zai ci gaba da susa, fata ta tsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Mma Hajiya: To me ya sa wurin ke yin fari bayan an shafa?

Anti Nas: Yawanci tabon kircin ne da kansa, Mma. A fatarmu baƙa ciwon ba ya yin ja, yakan yi duhu ko toka-toka, idan ya warke sai ya bar haske ko baƙin tabo. Ko ba a shafa komai ba haka yake, kuma launin yana dawowa a hankali.

Baban Fati: Ni kam a shagon magani aka ba mu wani man shafawa mai haɗi uku, kwana biyu ya share. Shi za ki nema.

Anti Nas: Yayana, wannan ne abin da nake tsoro. Mayukan haɗi ukun nan yawancinsu da steroid mai ƙarfi a ciki, shi ya sa suke aiki da sauri. Ba na fatar ƙaramin yaro ba ne, balle fuska ko matse-matsi. Har cikin man kaɗe wasu ke zuba shi su shafa wa jariri kullum. Ku daina, don Allah.

Maman Sadik: Ɗana ya yi fama da kirci tun yana goye, a kumatu ya fara. Abin da ya taimake mu: wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti 5 zuwa 10, babu soso, babu Dettol a ruwa, sabulun salo ma mun ajiye don yana busar masa da jiki. Kafin ya bushe sarai nake lafta masa mai. Riga ta auduga, farce a yanke. Sai dai ni ina ganin madara ce ke tayar masa.

Anti Nas: Wasu yaran abinci na tayar musu, amma kada ki yanke madara ko ƙwai sai likita ya duba, kar a gyara fata a jawo tamowa. Kuma kirci ba ya yaɗuwa, ku bar Hasan ya yi wasa da ɗan uwansa. Idan duk gida ne ke susa da dare, har tsakanin yatsu, to a duba ƙazuwa, maganinta daban.

Mma Hajiya: Na ji. Amma ni dai hankalina bai kwanta da shafa wa yaro maganin nan ba. A fara da man kaɗe safe da yamma, a gani.

Maman Biyu: Mma, mako uku ke nan ina shafa man kaɗen, yaron bai samu barci ba. Anti, maganin likitan nawa zan matsa?

Anti Nas: Daga kan yatsarki manuniya zuwa gaɓar farko, wannan ya isa wuri mai faɗin tafin hannunki biyu. Ki shafa man kaɗen, ki jira kamar rabin awa, sannan maganin. Idan kin ga ɓawo rawaya, ruwa ko mugunya, ƙananan ƙuraje masu ruwa da suka fito tare, ko zazzaɓi, kada ki kwana, ki kai shi asibiti. In bai lafa ba bayan mako biyu, ki koma a tura ku wajen likitan fata a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi.

Maman Biyu: Na gode. Gobe zan ɗauki surukata mu koma wajen likitan tare, ta yi masa tambayoyinta da bakinta.