Taura biyu ba ta taunuwa: kujerar sanata ko ta minista?

Ɗalibi daga Unguwar Rogo: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Jiya bayan la'asar gardama ta kaure a majalisarmu a kan Simon Lalong, wanda ya mulki Filato daga 2015 zuwa 2023. An rantsar da shi ministan ƙwadago a watan Agustan 2023, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar masa da kujerar sanatan Filato ta Kudu, sai ya ajiye muƙamin minista ya koma majalisar dattawa a watan Disamba. Wani daga cikinmu ya ce taura biyu ba ta taunuwa, wani kuma ya ce an aza maganar a inda ba muhallinta ba. Ina roƙon a warware mini.

Dattijon Gangare: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a yi hukunci sai a san taurar tukuna. Muna yara mukan saye ta a ƙofar makarantar allo: ɓawonta busasshe ne, a ƙarƙashinsa ɗan gari mai zaƙi da zaruruwa suka kanannaɗe, a tsakiya kuma ƙwallo mai tauri wanda shi kaɗai ya isa ya cika bakin yaro. Wanda ya cusa biyu ba zai iya motsa muƙamuƙinsa ba, balle ya ji zaƙi. Saboda haka a fahimtata maganar ba zargin kwaɗayi take yi ba, iyakar abin da baki zai iya ɗauka take nunawa, kuma ta dace da wannan lamari.

Malama daga Bukur: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku yi mini izini in saɓa muku kaɗan. Hausawa suna faɗin wannan magana ne ga wanda ya nace sai ya haɗa abu biyu, domin a tsoratar da shi kada ya yi biyu babu. Wanda ya tofar da ɗaya ya riƙe ɗaya ya riga ya ji gargaɗin, don haka babu dalilin jifansa da ita. Ban da haka, ba shi da ikon haɗawa ko da ya so, tun da sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar da aka naɗa minista ya sauka daga kujerarsa da zarar ya yi rantsuwar kama aiki.

Dattijon Gangare: 'Yata, kin kawo hujja, amma ni ina ganin ta ƙarfafa maganata ne, domin abin da dokar ta rubuta shi ne abin da kakanninmu suka gane tun a bakin yaro. Sanata shi ne mai tantance minista, shi ne kuma mai kiransa ya yi bayanin yadda ya kashe kuɗin ma'aikatarsa, to ta yaya mutum ɗaya zai zama mai tambaya kuma mai amsawa?

Malama daga Bukur: Na yarda da wannan, Baba. Abin da ya fi damuna shi ne taurar da aka tofar, wadda ba a cika waiwayarta ba. A shekarar 2023 David Umahi da Ibrahim Gaidam sun bi hanyar ne ta ɗaya gefen, suka bar majalisar dattawa suka zama ministoci, sai Ebonyi ta Kudu da Yobe ta Gabas suka zauna babu sanata har zuwa zaɓen cike gurbi a watan Fabrairun 2024. Matan da suka tsaya a layi cikin rana da goyo a baya ba su zaɓi mutum don ya yi wata biyu ya tafi ba, kuma kasafin kuɗin 2024 ya wuce ta majalisa babu mai magana da yawunsu a zauren dattawa.

Ɗalibi daga Unguwar Rogo: Na gode, Baba da Malama. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa abokan gardamar tawa bayanin, musamman batun mazaɓun da suka yi kusan wata shida babu wakili, wanda ko mutum ɗaya a cikinmu bai ambata ba.