Tambaya kan jinin Precipitation, me ya kai dokin sukuwa cikin dawakin tsallake?

Dan_Barga:
Salam 'yan uwa masu harkar doki. Kwana biyun nan na maƙale wa kallon gasar tsallaken shinge a YouTube, irin wadda ake jera sanduna doki yana haurawa, to sai na fara bin asalin dawakin ɗaya bayan ɗaya, abin mamaki duk inda na bi sai na ci karo da wani suna wai Furioso da xx a gefensa. Da na ƙara tonawa sai na ga ubansa Precipitation ne, wanda ya ci Gold Cup a Ascot ta Ingila a 1937. To ni dai a sanina dokin gudu daban dokin tsallake daban. Me ya haɗa su? Kuma xx ɗin nan me take nufi dan Allah? Wato in mutum ya samu ingarman da ya ci babbar sukuwa ya haɗa da goɗiya shikenan ya samu ɗan tsallake?

MaiLinzami:
Wa alaikumus salam. xx alama ce da Jamusawa ke sawa a takardar doki don a san Thoroughbred ne zalla, wato irin dawakin sukuwar Ingila da ba gauraye. Amma fa malam ka tsallake abin dariyar, shi Furioso ɗin da kake gani ko'ina bai taɓa cin sukuwa ba ko sau ɗaya, sau 21 ya fita fili, sau 21 ya dawo hannu rabbana. Uban ne gwarzo, kakan ma Hurry On ya fi uban, sau 6 ya yi gudu a 1916 ba wanda ya sha gabansa, kuma 'ya'yansa uku sun ci Derby, babbar sukuwar Ingila. Shi kuwa jikan, wato Furioso, da aka haifa a 1939 sai Turawan Ingila suka ga ba riba, a 1946 aka sayar wa Faransa aka ɗaure shi a bargar gwamnati ta Le Pin a Normandy, a can ne aka dinga kawo masa manyan goɗiyoyin yankin masu ƙashi da faɗin ƙirji waɗanda asalinsu na jan keken doki ne da aikin soja. Abin da ya fito daga nan shi ne Lutteur B da ya ci zinare a Olamfik ta Tokyo 1964, da goɗiya Pomone B da ta ci gasar zakarun duniya a 1966, kuma mahayi ɗaya ne ya hau su duka, Pierre Jonquères d'Oriola.

Yar_Polo:
Ni abin da nake so a duba shi ne wace irin sukuwa uban ya ci. Gold Cup ta Ascot mil biyu da rabi ce, wajen kilomita 4 kenan, ba irin ɗan fizgar nan ta minti ɗaya ba. Dokin da zai jure wannan sai mai dogon numfashi da dogon taku da ƙarfin baya, kuma abin da mai tsallake ke nema kenan, don sandar babbar gasa tana kai mita 1.60 kuma ƙafar baya ce ke cilla dokin sama. Ku lura da doki in ya iso gindin shinge, zai tattaro ƙafafun bayansa ƙarƙashin ciki kamar kyanwa za ta haye katanga, ya lanƙwashe na gaba har gwiwa ta kusa taɓa haɓarsa. Dokin gajeren zango an gina shi ne ya miƙe gaba kawai. Ko mu nan a filin polo ai mun san bambancin dokin da ke da wuta a chukka ta farko, wato zagayen farko na wasa, da wanda zai kai ka ƙarshe bai huce ba.

Dan_Barga:
Toh hajiya na gane wannan. Amma har yanzu ina kan tambayata ta ƙarshe, in jinin zakara ne sirrin me ya sa masu tsallake ba sa rububin zakarun sukuwa na yanzu?

Tsohon_Mahayi:
Ɗana, kuɗi na farko. Ingarman da ya ci Derby kuɗin barbararsa kaɗai ya fi ƙarfin mai kiwon dawakin tsallake, shi ya sa tun da can waɗanda suka kasa a fili su ne ake samu da araha. Ladykiller ma haka ne, ba wani abin kirki ya yi a sukuwa ba, aka kai shi Holstein ta Jamus a 1965 ya haifi Landgraf da Lord, yau ka ɗauko takardar dokin Holstein da wuya ka rasa ɗayansu. Na biyu kuma ban yarda a ce wai jinin Precipitation ne ya yi komai ba. Shi fa ya haifi Airborne da ya ci Derby a 1946, ina jikokin Airborne a fagen tsallake? Goɗiyoyin Normandy su ma da nasu rabon, kuma ku duba da kyau, sau da yawa ta wajen uwa jinin Furioso ya fi tasiri. Dubi shahararrun ingarmun da suka haifi dawakin tsallake, Jalisco B uwarsa Tanagra 'yar Furioso ce. Cor de la Bryère uwarsa jikar Furioso ce, ubansa kuma wani xx ɗin ne daban mai suna Rantzau wanda aka san 'ya'yansa da gardama da wuyar hawa. Shi Cor de la Bryère ɗin nan saura ƙiris a dandaƙe shi a Faransa don masu tantancewa sun ce bai isa ingarma ba, Allah ya sa mai shi ya ƙi, aka sayar wa Holstein a 1971.

MaiLinzami:
Baba gaskiyarka ta wajen uwa, amma kar a rage wa layin maza haƙƙinsa. Furioso II, ɗan Furioso da aka kai Oldenburg ta Jamus, shi ya haifi Voltaire da For Pleasure, kuma For Pleasure ya ci zinaren ƙungiya wa Jamus sau biyu a Olamfik, Atlanta 1996 da mahayi Lars Nieberg, Sydney 2000 da mahayi Marcus Ehning. Wani abu kuma, a sukuwa doka ce sai ingarma ya hau goɗiya da kansa, su kuwa masu tsallake maniyyi suke daskarewa su aika ƙasa ƙasa a yi wa goɗiya allura, shi ya sa jini ɗaya ke cika duniya da sauri haka. Kuma abin da ke ban tausayi layin Hurry On da ke komawa ga Godolphin Arabian, ɗaya daga cikin ingarmu uku da suka kafa jinin xx, ya kusa ƙarewa a filin sukuwa, kusan kowa yanzu zuriyar Eclipse ne, wani tsohon zakaran sukuwa na wani layin daban.

Yar_Polo:
Kafin a rufe, akwai lokacin da xx zalla ke cin gasar da kansa fa, Touch of Class ƙaramar goɗiya ce da ta fito daga filin sukuwar Amurka ta ci zinare a Olamfik ta Los Angeles 1984 da mahayi Joe Fargis. Gem Twist ma xx ne, azurfa a Olamfik ta Seoul 1988, shi kam an riga an dandaƙe shi, sai daga baya suka dawo suna cizon yatsa har sai da aka kwafi halittarsa a ɗakin gwaji don a samu iri.

Dan_Barga:
Ikon Allah. To ni da nake shirin dandaƙe dukushina bayan sallah saboda tutsu, bari dai in ƙara masa shekara ɗaya tukuna.