DDS ya ƙi haɗuwa tsakanin garuruwa biyu, ko TCP ne mafita?

Mai_Waya: Assalamu alaikum injiniyoyi. Na'urori biyu ne, ɗaya na amfani da Fast DDS, ɗaya Cyclone DDS, manhajoji biyu daban masu bin DDS, wato ƙa'idar musayar bayanai tsakanin na'urori. A ofis guda suna ganin juna nan take. Da aka kai ɗaya wani gari a kan layin 4G, shiru kake ji. An kunna TCP (hanyar aika saƙo mai tabbatar da isarsa a jere) a duka biyun, ba labari. Ba cewa aka yi OMG, ƙungiyar da ta fitar da ƙa'idar DDS, ta daidaita yadda suke magana ba?

Injiniya_B: Wa alaikumus salam. Ta daidaita, amma abin da kowa ya yi tarayya a kai shi ne RTPS (tsarin da saƙonnin DDS ke tafiya da shi a kan layi) bisa UDP (hanyar aika saƙo da ba ta jiran tabbacin isarsa). TCP kuwa kowane kamfani ya ƙera nasa salon naɗe saƙo, shi ya sa naka biyun ba sa jin yaren juna.

Matsalarka ma ta fara tun kafin nan. Na'urorin suna neman juna ne ta shela ga kowa a adireshin 239.255.0.1, ƙofa (port) 7400 a yanki (domain na DDS) na 0, kowane yanki na gaba a ƙara 250. Wannan shelar ba ta ƙetare rautar ofis. Ko ta ƙetare, adireshin da na'ura ke sanarwa na cikin gida ne, irin 192.168, wanda ba ya kai kowa ko'ina daga waje.

Hajiya_Sadarwa: Malam, kada ka ɗauki TCP a matsayin magani. Fakiti ɗaya ya ɓace, duk na bayansa sai sun tsaya jiran a sake aiko shi, har da karatun na'ura da ya riga ya tsufa. Ga shi RTPS na da tasa hanyar sake aikowa, aiki ya zama biyu. Wannan ne ya sa nake ganin daidaita TCP kaɗai ba zai wadatar ba, sai an haɗa da ƙa'idar ƙetare NAT, wato dabarar da rauta ke ɓoye adireshin cikin gida a bayan adireshin waje.

A UDP kuma ka kula da girman saƙo. Saƙon kilobait 64 a hanyar da MTU ɗinta (iyakar girman fakiti guda) bait 1500 ne yakan tsattsage kusan gida 45, guda ya faɗi duka sun tafi. In hanya na zubar da fakiti ɗaya cikin ɗari, sama da kashi ɗaya bisa uku na irin waɗannan saƙonni ba za su isa ba.

Mai_Waya: Na gode Hajiya. To yanzu ta ina zan fara?

Injiniya_B: Ka tsaya a UDP, ka haɗa su da WireGuard, manhajar da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin na'urori ta intanet. Layin waya galibi yana bayan NAT na kamfani, don haka sai ka samu sabar mai adireshin waje a tsakiya, ka sa na'urorin su riƙa taɓa ta duk daƙiƙa 25 don kada hanya ta rufe. Ka kashe shelar, ka rubuta adireshin kowace a jerin abokan ɗayar da hannu, ka buɗe ƙofofi 7410 da 7411, kowace manhajar da ta ƙaru a na'ura ɗaya ta ɗauki biyu na gaba. MTU na WireGuard yawanci 1420 ne, saboda haka ka tsayar da saƙon RTPS a wajen bait 1300.