Musayar Waƙa: Shayin Wa Ya Fi Korar Sanyin Jos?

Hajiyar Gangare, Litinin bayan isha'i

Assalamu alaikum. Sanyin bana ya sauko tun kafin Disamba ya raba, har yara ba sa taɓa ruwan alwala da asuba sai an ɗumama musu. Na ga ya dace mu buɗe musayar wannan mako da shayi, kuma amsa-amonmu "yi" ne.

Bismillah na hura wutar gawayi,
Na ɗora buta don maganin sanyi.

Ɗanyar citta nake fara dakawa,
Ta tafasa har ruwan ya yi nauyi.

Kanumfari biyar, kirfa sanda guda,
Da 'yar kimba, su ne jigon shayi.

Sai na sauke sannan ganye ya shiga,
Minti uku ya isa, launi ya yi.

Zuma a ƙarshe in zafi ya ragu,
Mai son gwaninta ya zo ya yi koyi.

Ɗan Bauchi Road

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Da ladabi nake cewa kayan da kika lissafa sun danne ganyen gaba ɗaya, har ba a jin shi.

Hajiya wannan ai yajin jego ne,
An jiƙa shi an laƙaba masa shayi.

Na gaske sai a wajen mutan Agadas,
Koren ganyen Sin a bisa gawayi.

A wanke ganye a zubar da ruwan fari,
A sa na'a-na'a, kumfa ta yi tsayi.

Zubin farko ɗaci, na biyu sassauci,
Na uku zaƙi, a sha shi layi-layi.

Ba a shan sa a tsaye ana sauri,
Sai an zauna hira ta kori sanyi.

Matashin Dilimi

Allah ya biya ka, Yaya. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar Buzaye ya ga yadda ake ɗaga 'yar butar sama, ruwan ya zubo siriri cikin ƙaramin kofin gilas ba tare da ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa ba, ya san cewa baitocin nan gaskiya suka faɗa. A wurina an riga an gama musayar.

Uwar Biyu ta Rikkos

Ba a gama komai ba, ƙanena. Mu da muke tashi mu shirya yara makaranta cikin hazo mun san wanda ke buɗe maƙogwaro, kuma na Hajiya ne. Ranki ya daɗe, muna jiran amsarki.

Hajiyar Gangare, Talata da hantsi

Ka ce yajin jego, na karɓa ɗana,
Da shi aka raine ka har ka yi tsayi.

Awa biyu kana gadin 'yar buta,
Don kurɓi uku kana ƙona gawayi.

Sukarin da ke cikin ɗan kofin nan,
Likita ya gani sai ya ji tausayi.

Dare ya raba idonka biyu ne,
Barci ya gudu, kana ta gadin layi.

Malamin Bukuru

Hajiya, kin yi daidai da kike barin citta ta daɗe a wuta. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, kuma a irin wannan tsayi ruwa yana tafasa kafin zafinsa ya kai digiri 100, saboda haka saiwa da ɓawo suna buƙatar ƙarin lokaci kafin su saki abin da ke cikinsu. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya tambayi inda ganyen ya fito. Muna jin sunan Asam ta Indiya da Kericho ta Kenya, alhali a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba ake noman ganyen da ake sayarwa da sunan Highland Tea.

Ku biyun kun tsallake ganyen gida,
Kun tafi Sin da Indiya neman shayi.

Ga Mambila can a Taraba tana noma,
A Kakara kusa da Gembu, tudu mai sanyi.

Hazo yana sauka a bisa gona,
Ana tsinkar toho a layi-layi.

Baƙin ganye ne, ya karɓi madara sosai,
In ka sa masa citta da lemun tsami ma yana da daɗi.

Mai Arulli na Unguwar Rogo

Allah ya gafarta Malam. Bayaninka na Mambila ya ƙaru da mu, amma baitin ƙarshe ya karye a wuri biyu. Ɗangon farko gaɓa 13 ne, na biyu kuwa 18, sannan an yi sharaɗin "yi" kai kuma ka sauka a kan "ɗi".

Malam ɗangonka ya ɗauki kaya,
Kamar jakin da aka yi wa nauyi.

An ce a tsaya a kan "yi" tun farko,
Ka sauka a "ɗi", ka canza layi.

Malamin Bukuru

Na amince da kuskuren amsa-amo, kuma zan gyara. Sai dai ƙirga gaɓa da yatsu ba shi ne arulli ba, domin ma'aunin waƙar Hausa yana duba jerin gaɓa mai nauyi da marar nauyi ne, kuma da wannan awo baitoci kaɗan ne a nan za su tsira, har da naka.

Mai ƙirga gaɓa da yatsun hannu,
Ina ganyen da ka kawo na shayi?

Sukan baiti ya fi tsara shi sauƙi,
Kawo naka mu gani in ba iyayi.

Mai Arulli na Unguwar Rogo

Malam, na san bambancin nauyin gaɓa da yawanta. Na kawo ƙirga ne domin ko mai rerawa mafi dogon numfashi ba zai cusa gaɓa 18 a gurbin da aka yanka wa 13 ba. Ka rera shi da murya a gaban ɗalibanka, ka ji inda harshe zai yi tuntuɓe.

Matashin Dilimi

Ina bayan Mai Arulli a wannan. Idan aka bar kowa ya ja ɗango yadda ya ga dama, musayar ta zama zube ke nan.

Uwar Biyu ta Rikkos

Jiya kana bayan Ɗan Bauchi Road, yau kana bayan Mai Arulli, kuma har yanzu ba mu ga baitinka ko guda ba. Malam dattijo ne, ya kuma amsa kuskurensa, ya kamata a sassauta harshe.

Mai Shayin Terminus, Laraba da asuba

Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri da baitin ɗan kasuwa. Shekaru da dama ina haɗa kauri a bakin titi, kuma ina ganin ina da hakkin magana.

Kun cika baki da buta da kirfa,
Da asuba a gaban wa ake layi?

Direba da ɗan dako da ɗalibi,
Teburina ke raba su da sanyi.

Kofi biyu nake juyawa a sama,
Madara da ganye su haɗu su yi nauyi.

Burodi da ƙwai na nan a gefe,
Naku ƙamshi ne, nawa ne shayi.

Malamin Bukuru

Ga gyaran da na yi alkawari, kuma na cire lemun tsami domin yana tsinka madara idan suka haɗu a kofi ɗaya.

Baƙin ganye ne, ya karɓi madara,
Da citta a ciki yakan kashe sanyi.

Antin Farin Gada, Alhamis da dare

Na zo a makare saboda hidimar biki, kuma amsata ga Ɗan Bauchi Road ce, wanda ya keɓe sunan shayi ga koren ganye kaɗai. A gidana goruba nake dakawa, in tafasa ɓawonta da citta har ruwan ya yi ja, in tace da rariya mai laushi, kuma zaƙinta yana rage mini buƙatar sukari.

Ɗana ka taƙaita faɗin duniya,
Kowace ƙasa da irin nata shayi.

A Masar zoɓonmu sunansa karkade,
Da zafi ake sha in an shiga sanyi.

A Indiya a madara ake dafa ganye,
Da kayan ƙamshi, ba su ce masa iyayi.

Ɗan Bauchi Road

Anti, ina gaisuwa. Goruba da zoɓo abin sha ne masu daraja, amma ba daga itacen shayi suka fito ba.

Anti jiƙo daban, tsimi daban ne,
In babu ganye kar a ce masa shayi.

Hajiyar Gangare

Anti, goruba nawa kike sa wa lita ɗaya ta ruwa, kuma kirfa tana shiga ko tana danne ƙamshinta? Ina so in gwada gobe Juma'a kafin yara su dawo daga masallaci. Kai kuma ɗana, ga taka.

Ka hana yaji, yanzu ka hana goruba,
Na'a-na'arka itace ce ta shayi?