Wane suna za mu raɗa wa biskit ɗin Kirsimeti mai alewa a tsakiya?

Jama'a, ku matso mu raɗa wa wani abu suna. Duk ƙarshen shekara, idan Kirsimeti ta ƙarato, gidaje da yawa a Amurka da Ingila kan gasa wani irin biskit mai siffar tauraro ko zuciya ko bishiya, tsakiyarsa a huje, ramin kuma a cike da wani abu ja ko kore ko ruwan ɗorawa da haske ke ratsawa. Masu abin suna ce masa "stained glass cookies". Mai son kwatanta shi da Hausa, da ya zo kan suna sai ya zuba Turancin ya wuce.

A fara sanin abin tukuna. Kwaɓi ne na fulawa da bota da sukari da ƙwai, wasu kan ƙara citta da kirfa da kanumfari. A sa a firji ya yi tauri, a murza, a yanka siffar da ake so, sannan a sake yanke wata ƙarama a tsakiya ta bar rami. Sai a samu alewa mai tauri, irin ta tsotsa, a ware kowane launi daban, a daddaka a cikin leda, a zuba a ramin. A Amurka Jolly Rancher da Life Savers aka fi ɗauka. A gasa a obin a zafin 175 na ma'aunin Selshiyos, mintuna 8 zuwa 10. Wutar da ke gasa kwaɓin ita ke narkar da alewar, ta malale ta cika ramin, idan ta huce ta daskare garai-garai. Dole a shimfiɗa takardar gashi a ƙasa, in ba haka ba ta manne wa faranti, kuma ba a ɗaga shi da zafinsa. Wasu ma ado suke yi da shi: su huda ɗan rami a sama kafin gashi, su zura zare, su rataye a bishiyar Kirsimeti kusa da fitilu.

Sunan Turancin daga tagogin coci ya samo asali, masu gilashi launi-launi da ake harhaɗawa da dalma, irin na babban cocin Chartres a Faransa, waɗanda yawancinsu aikin ƙarni na 13 ne, ko na Sainte-Chapelle da ke Paris, wanda aka buɗe a 1248.

To, ga shawarwarin sunan Hausa da suka shigo daga jama'a, zan bi su yadda suka zo.

Malam mai cewa "biskit mai gilashi", fassararka daidai take, sai dai je ka ce wa uwa za ka ba ɗanta biskit mai gilashi ka ga irin kallon da za ta yi maka. Sunan abinci bai kamata ya fara da ba da tsoro ba. "Mai madubi" ya fi shi daɗin ji, amma madubi fuskarka yake nuna maka, wannan kuwa hango abin da ke bayansa ake yi. "Cincin mai alewa" ba zan daɗe a kansa ba, cincin soya shi ake yi.

Hajiya da kika kawo gireba, ranki ya daɗe, kin fi kowa kusa ta fuskar girki, domin ita ce tamu da ake gasawa take narkewa a baki. Matsalar ita ce kwaɓin gireba a dunƙule ake tsara shi, ba ya jure murji da yanka, balle a huda masa ciki ya riƙe narkakkiyar alewa. Idan muka ce gireba, mai koyo za ta kwaɓa abin da ta sani, ya wargaje mata a faranti, ta ɗora wa alewa laifi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Baba da ya ce "ƙarau". Allah ya ƙara girma, wannan kalma ce mai kyau. Ƙarau awarwaron gilashi ne mai launi, narkar da shi ake yi kamar yadda Masaga na Bida ke narka kwalabe su yi awarwaro da duwatsun wuya, kuma da ya faɗi sai ya tarwatse. Duk wannan alewar ta yi shi. Na so a ce ita ta ci. Amma ka tara 'yan mata masu koyon gashi a yau ka ce "ƙarau", wasu ba su taɓa ji ba, waɗanda suka ji kuma hannu za su miƙo a sa musu.

"Tagar coci" ta kama asalin, kuma 'yan'uwanmu Kiristoci na Wusasa da Kaduna da Jos za su gane ta nan take. Ban goyi bayanta ba saboda gilashi mai launi ba na coci kaɗai ba ne. Masallacin Nasir al-Mulk da ke Shiraz a Iran, wanda aka kammala a 1888, da irin tagogin nan ya yi suna, haka ma tsofaffin gidajen San'a a Yemen. Sannan mai son yi wa yaranta ranar Sallah sai sunan ya sa ta ja da baya, alhali fulawa ce da alewa.

Amma rabin wannan shawarar shi ne maganar: taga. Ni "tagar alewa" na zaɓa. Haka muka saba raɗa wa kayan kwalama suna, da abin da ido ya gani: carbin malam ba carbi ba ne, hanjin ligidi ba hanji ba ne, tuwon madara kuma ba a cin sa da miya. Tagar alewa ta faɗi siffa, ta faɗi abin da aka zuba, ba ta ɗauko komai daga Turanci ba. Mai cewa alawa ya ce tagar alawa, duk ɗaya ne.

Yaya, na ga gyaranki cewa wani zai zaci tagar da yara ke sayen alewa ce a cikin unguwa. Gaskiya ne, amma a karon farko kawai. A gwada a jimla: "Na gasa tagar alewa guda ashirin." "Ki bari ta huce kafin ki ɗaga." "Tagar alewar nan ta yi danƙo." Babu mai ruɗewa. Wannan ta ƙarshen ma za a riƙa jin ta, don alewa na jan laima. A hunturu takan yi kwanaki garau a mazubi mai murfi, da damina kuwa nan da nan take yin danƙo ta dushe.

Iyaka ɗaya nake so a kiyaye. Akwai biskit ɗin Linzer na Ostiriya, shi ma mai rami a tsakiya, amma 'ya'yan itace da aka dafa da sukari ake shafawa tsakanin falle biyu bayan an gasa. Wannan ba tagar alewa ba ne, a nemo masa nasa sunan daban.