Yaran da iyayensu ke gidan yari: wa ya taɓa ganin tallafin koyon sana'a ya yi aiki?

Maman Walid: Salam jama'a. Muna da wata 'yar ƙungiya ta matan unguwa, duk azumi mukan haɗa kuɗi a biya wa wasu tara a Kurmawa da Goron Dutse, to bana sai wata a cikinmu ta ce yaran da aka bari a gida fa wa ke dubansu? Yanzu mun samu masu ba da tallafi sun ce mu rubuto tsari, koyon sana'a da kuma haɗa kowane yaro da babban da zai riƙa sa ido a kansa. Dan Allah wanda abin ya taɓa shafa ya faɗa mana yadda ya gani.

Ɗan Kurna: Hajiya ni abin a gidanmu ya faru. Ina ƙaramar sakandare aka tafi da Baba kan rikicin bashi, kuma abin da ba zan manta ba duk inda Umma ta kai mu neman taimako tambayar farko ita ce marayu ne? In ta ce a'a uban na da rai sai a ce to wannan na marayu ne, a yi haƙuri. Alhali wlh maraya ya fi mu gata lokacin, shi ana shafa masa kai mu kuwa ana jan yara daga kusa da mu. Wani maƙwabcinmu mai walda ne ya ce in riƙa zuwa bayan makaranta, bai taɓa kawo min maganar Baba ba, kullum in an tashi ya ba ni na abinci. Da waldar nake ci yau.

Malama Binta: Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne fom. Na taɓa aiki da wata ƙungiya, aka rubuta sai an kawo takardar hukuncin kotu kafin a ɗauki yaro, sai ga shi yawancin waɗanda suka zo ba su da ita don ba a ma yanke wa iyayen hukunci ba. A Najeriya kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke, wani shekara da shekaru ana ɗage zama, ita matar ba bazawara ba kuma ba mai miji a gida ba. Ku karɓi shaidar mai unguwa ko liman ya wadatar. Kuma dan Allah banda hoto, masu ba da kuɗi na son a jera yara a bayan kyalle mai rubutu a sa a Facebook, washegari duk makaranta an san ɗan wane ne.

Oga Tela: Gsky horon sati biyu ɓata kuɗi ne, ni an sha kawo min irinsu. A tara yara a zaure a raba satifiket da keken ɗinki, yarinya ko zare ba ta iya sawa daidai ba, gida kuma babu garin tuwo ga lauya na jiran kuɗinsa, ya za a yi keken ya kwana? Sayarwa ake, kuma ban ga laifinsu ba. Ɗinki sai yaro ya zauna a shago shekara biyu ko fiye kafin a yaye shi. In da ni ne, kuɗin keken a riƙe sai ranar yaye, abin da za a fara biya kuɗin mota ne da na abincin rana, yawancin waɗanda suka daina zuwa wajena ba lalaci ba ne, na mota ne babu.

Ɗan Kurna: Oga ka faɗi gaskiya, ni da a ce shagon da nisa da ban ɗore ba.

Alhaji na Bronx: Nan Amurka abin ya daɗe. Akwai shirin Amachi da aka fara a Filadelfiya a 2000, ana ɗauko masu sa kai daga coci-coci a haɗa kowa da yaro ɗaya, wanda ya jagorance shi Wilson Goode tsohon magajin garin, shi ma an taɓa ɗaure mahaifinsa yana yaro. Zamanin Bush gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi a irin wannan daga 2003, a 2011 aka tsayar da kuɗin. Ni na taɓa riƙe wani yaro ta wata ƙungiya a nan, sun bincike ni sosai kafin su ba ni shi har da hoton yatsu, suka ce sai na yi alƙawarin shekara guda aƙalla, don yaron da uba ya ɓace masa in kai ma ka ɓace ka ƙara masa ciwo. Ku ma ku bincika mutum kafin ku damƙa masa yarinya, kar a ce ai ɗan masallaci ne.

Malama Binta: Wani abu kuma, a 2023 ministan cikin gida Tunji-Ojo ya haɗa naira miliyan 585 aka biya wa mutum 4,068 tara, irin haka uba kan fito ba zato. Mu tsarinmu ya ce da uba ya fito an cire yaro, sai ka ga an yanke masa a tsakiyar koyo alhali uban ya dawo ba aiki ba jari, wani ma yaron ne ke ciyar da shi. Ku rubuta cewa yaro zai ci gaba har yaye.

Maman Walid: Allah Ya saka da alheri, duk na rubuta. Oga Tela nawa kake ganin za mu ware wa yaro ɗaya a wata, kuma a hannunka za mu ba da ko a hannun uwar?

Oga Tela: Na mota a ba uwar duk sati, kar a haɗa na wata gaba ɗaya zai shige cefane. Na abinci ku ba ni, shi kuwa adadi ya danganta da unguwar da yaron zai taso, ku turo min sunayen unguwannin in lissafa muku.